Tafiyarmu Zuwa Gana da Bashin da Muka Dawo da Shi

Jawabin da sakataren ƙungiyar zumunta ya gabatar a madadin kwamitin tafiya, a babban taron reshe na ƙarshen shekarar 2023



Mai girma shugaban reshe, iyayenmu da suka yi ritaya suka bar mana alli da allo, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyalanmu da suka amsa wannan gayyata, muna yi muku barka da zuwa.

An umarce mu da mu kawo rahoton tafiyar da ƙungiyarmu ta zumunta ta yi zuwa ƙasar Gana a dogon hutun da ya gabata, kuma umarnin yana kan hanya. A 1943 marigayi Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma. Da ya dawo bai bar abin da ya gani a cikinsa ba, ya rubuta shi a littafin nan Tafiya Mabuɗin Ilmi. Duk wanda ya je ya gano, akwai haƙƙin waɗanda suka zauna gida a wuyansa. Mu kuwa haƙƙi biyu ne a wuyanmu, na labari da na kuɗi. Mun san maganar kuɗin ta riga mu shigowa ɗakin nan, ta zaga ofisoshin malamai da zaurukan WhatsApp, kowa ya ji ta da irin gishirin da aka sa mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za mu faɗe ta yau da bakinmu, da alƙaluma, a gaban masu kuɗin.

Yadda aka ƙulla tafiyar

Maganar ta samo asali ne a watan Yulin 2021, a wajen walimar sallamar wani shugaban makaranta da ya yi ritaya. Ana cikin hira sai wata malama mai koyar da aji biyar ta ce shekararta goma sha tara tana zana teku a allo da shuɗin alli, tana gaya wa yara cewa ruwansa gishiri ne, alhali ita kanta ba ta taɓa ganinsa ba. Aka yi dariya, sannan wuri ya yi tsit, domin da aka duba waɗanda ke zaune, ba a sami mutum biyar da suka taɓa ƙetare kogin Kwara ba. Dukanmu mun fito kwalejin ilimi, mun haddace manyan biranen Afirka ta Yamma, mun sa yara sun haddace, wasu ma mun zane su a kan hakan. Amma duk ji ne, babu gani.

Gana muka zaɓa saboda tana da sauƙin shiga kuma muna da dangi a cikinta. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta amince tun 1979 cewa ɗan kowace ƙasa daga cikin ƙasashenta yana iya shiga 'yar'uwarta ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Turanci ne harshen hukuma a can kamar nan, Hausa kuma ita ce harshen zango. Sannan akwai tsohuwar alaƙa, domin tun kafin zuwan Turawa fatakenmu suke kora jakuna zuwa Gwanja neman goro.

Mutum 41 suka rubuta suna. Aka yanke naira 5,000 a kan kowa duk wata, daga Agustan 2021 zuwa Yulin 2023, wata 24 ke nan. Kun san abin da naira 5,000 take nufi a albashin malamin firamare. Mutum goma sha ɗaya suka kasa ci gaba, aka mayar musu da kuɗinsu cif. Aka bar mutum 30, maza 19 da mata 11, kowa da naira 120,000, jimilla naira 3,600,000. A farkon shekarar nan da muka yi lissafi, kuɗin sun isa hayar bas da masauki da abinci, har da ɗan saura.

Sai ƙasa ta juya. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, kafin ƙarshen Yuli ta haura 600. A watan Yuni kuma aka saki naira a kasuwa, ta shiga faɗuwa. Sefar da ake kashewa a Benin da Togo kuwa ɗaure take da kuɗin Turai, sefa 655 da 'yan kai a kan yuro ɗaya, saboda haka tana tsaye a inda take, nairarmu ce ke ƙanƙancewa a gabanta. Mai mota ya ce ba zai tashi a tsohon farashi ba. Da muka sake lissafi sai ga giɓin naira 900,000.

Wasu suka ba da shawarar a rage nisa, a je Maraɗi da Damagaram. Kafin a gama magana aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Wasu suka ce a ɗaga zuwa baɗi, amma mun riga mun ba mai mota da masu masauki kafin alƙalami wanda ba ya dawowa. Aka roƙi matafiya kowa ya ƙara naira 10,000, aka sami 300,000. Saura 600,000.

A nan ne muka yi abin da ya tsayar da mu a gabanku yau. Mu biyar na kwamiti muka zauna da dare, kwana huɗu kafin tashi, muka yanke shawarar aro naira 600,000 daga asusun jin ƙai. Kun san wannan asusu na kowa ne, sama da mutum ɗari biyu suke zuba masa duk zango, kuma dokarsa ta ce idan ɗan ƙungiya ya rasu, a miƙa wa iyalinsa naira 200,000 cikin kwana bakwai. A daren nan akwai naira 680,000 a ciki. Abin ya zo mana da sauƙi saboda masu sa hannu a asusun tafiya su ne masu sa hannu a asusun jin ƙai. Mace ɗaya tilo da ke cikinmu ta ƙi yarda, ta ce, "In wani ya rasu fa?" Muka ce mata kwana goma sha uku ne kawai, da mun dawo za a mayar. Muka rinjaye ta, huɗu da ɗaya. Sauran matafiya 25 kuwa muka ce musu mun samo rance, ba mu gaya musu daga ina ba, su ma ba su tambaya ba.

A kan hanya

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, da sharaɗin ba za mu yi tafiyar dare ba. Muka kwana a Lakwaja, inda da la'asar muka tsaya muka ga mahaɗar Kwara da Binuwai, wadda kowannenmu ya sha zana ta a allo kamar reshen gwafa. Kashegari muka kwana a Agege cikin Legas, a hannun 'yan'uwanmu Hausawa. Rana ta uku muka bi ta Badagiri zuwa iyakar Seme.

Daga Legas zuwa Akra, wadda iyayenmu suke kira Ankara, tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, wato ba ta kai rabin Kano zuwa Legas ba. Amma iyaka uku ce a tsakani: Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana. A kowace sai an sauka, a buga hatimin fita, a taka da ƙafa, a buga na shiga. Abin da ake nema a hannun mutum shi ne fasfo da katin rigakafin cutar shawara mai ruwan ɗorawa. Mota ita ma tana da nata, katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa.

A ɗaya daga cikin iyakokin nan muka shafe awa huɗu a tsaye, kuma laifin daga gare mu ya fara. Mutum biyu sunayensu na kati sun saɓa da na fasfo, a ɗaya sunan mahaifi, a ɗaya sunan garinsu, kamar yadda muka saba tun rajistar firamare. Na uku kuma kwana huɗu kafin tashi ya yi allura, alhali kati ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun lura da abu ɗaya: wanda takardunsa suka cika yana da bakin da zai ce a ba shi rasit, wanda nasa suke da naƙasu kuwa sai roƙo. Duk abin da muka biya babu rasit, zuwa da dawowa, mun rubuta shi a shafi na dabam a littafin kuɗi. Ba abin alfahari ba ne, amma ba mu ɓoye shi a ƙarƙashin kuɗin mai ba. Mun kuma yi hasara a canji, domin mun mai da naira sefa, muka sake mai da sefa sidi, kowane ɗan canji ya ɗebi rabonsa.

Abin da ya riƙe mu a hanya shi ne tsarin da muka ɗauko daga aji. An raba mu gida biyar, kowane gida da shugaba, ana kiran suna duk lokacin da za a hau mota. A iyaka mutum ɗaya ne yake magana da yawunmu, tare da wani malami da ya yi Faransanci a kwaleji, wanda sai a ranar muka san darajarsa. Wanda ya saba tsawata wa yara sittin, ya zama shi ake kira da suna yana amsawa. Wasu abin ya yi musu nauyi, amma babu wanda ya ɓace, babu wanda aka bari a baya.

Abin da muka gani

A Lome titi yana bin gaɓar teku har bakin iyakar Gana. Nan direba ya tsaya, malamar nan ta aji biyar ta cire takalmi ta taka har ruwa ya taɓa ƙafarta, ta ɗiba da tafin hannu ta ɗanɗana, ta juyo ta ce, "Ashe ban yi wa yara ƙarya ba." Ta cika gora biyu ta sa a jaka. A Togo ne kuma muka mayar da agogunanmu baya da awa ɗaya. Kashegari, bayan mun ƙetare kogin Bolta a gadar Sogakope, muka bi ta Tema, garin da layin Girinwic ya ratsa, layin nan da ake fara ƙirga lokacin duniya daga kansa. Darasin bambancin lokaci da muke fama da shi a aji shida, ga shi a tsintsiyar hannunmu.

A Akra muka sauka a unguwar Nima. Da safe muka fita sai muka ji mai talla tana kiran koko da ƙosai da sunayensu na gida. Shinkafa da waken da duk ƙasar take ci, wace suke ce masa, daga kalmarmu ta wake. Tuwon zafi ma da sunansa yake yawo. Hausarsu tana da nata ɗanɗano, ba ta damu da raba namiji da mace ba, sai ka ji an ce yarinya ya zo. Malamanmu na Hausa suka fara gyara, wani dattijo ya yi murmushi ya ce shi ma kakansa haka ya faɗa, kuma a nan aka binne shi. Muka yi sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe shi a 2021. Muka ziyarci kabarin Kwame Nkrumah, a filin da ya tsaya ya shelanta 'yancin Gana ranar 6 ga Maris 1957, shekara uku kafin namu.

Mun yi sa'a makarantunsu ba su tafi hutu ba. Muka shiga wata firamare a zango, irin waɗanda suke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da hukumar ilimi ta ƙasar ta kafa a 1987. Allo ɗaya ne ake koyar da Larabci da lissafi da Turanci a kansa, kuma gwamnati ce take turo malaman boko ta biya su. Kada ku zaci aljanna muka gani. Su ma suna kukan cunkoso da ƙarancin littattafai da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne iyayen zango ba sa ganin sai sun zaɓa wa ɗansu ɗaya tsakanin allo da boko.

Ranar da ta fi kowace nauyi ita ce ta Elmina. Turawan Fotugal ne suka gina wannan katafaren gida a bakin teku a 1482, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Aka shigar da mu ɗakunan ƙasa inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo, ɗakuna masu duhu da 'yar kafar iska, gwamna kuwa yana kwana a bene a samansu. Aka nuna mana siririyar ƙofar da ake fitar da su ɗaya bayan ɗaya zuwa jirgi, wadda duk wanda ya bi ta ba ya dawowa. Kashegari a hanyar Kumasi muka tsaya a Asin Manso, bakin rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe. Da yawansu ta kasuwar Salaga suka biyo. Salaga kuwa ita ce babbar kasuwar Gwanja, inda fatakenmu suke kai kanwa da tufafi da fatu su sayo goro. A kasuwar nan ana sayar da mutane, kuma akwai masu jin Hausa a cikin waɗanda aka sayar, akwai su a cikin masu sayarwa. Mun daɗe muna koyar da cinikin bayi kamar abin da Turawa suka yi wa wasu mutane can nesa. Tun daga ranar nan babu wanda ya iya koyar da shi haka a cikinmu.

Salagar nan dai ita ce ta karɓi Alhaji Umaru, malami kuma mawallafi, haifaffen Kano, wanda daga baya ya zauna a Kete Karaci har ya rasu a 1934. A zangon Kumasi mun tarar da malamai suna ambatonsa da girmamawa, mu da muka fito daga garin haihuwarsa da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Daren Kumasi

A Kumasi mun zaga kasuwar Kejetiya da gidan tarihi na fadar Manhiya ta sarkin Asante, da yamma kuma wasu 'yan'uwanmu malamai, 'yan ƙungiyar GNAT, suka karɓe mu. Suka ba mu labarin asusun malamai da ƙungiyarsu ta kafa a 1998, wanda ake cire masa gudummawa daga albashi duk wata, yake kuma da nasa amintattu masu kula da shi. Muka yi ta tambaya muna rubutawa.

Bayan sallar isha'i aka bugo waya daga gida. Allah ya yi wa ɗan'uwanmu, malamin aji uku a ɗaya daga cikin makarantunmu na ƙauye, rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya. Bai taɓa sa suna a tafiyar nan ba, domin bai da halin naira 5,000 duk wata. Amma shekara goma sha ɗaya bai taɓa fashin zubin asusun jin ƙai ba. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Muka taru a farfajiyar masauki muka yi masa addu'a. Da aka shafa, wani dattijo a cikinmu ya ce, "Ma'aji, tun da ana tura kuɗi ta waya, a tura wa iyalinsa haƙƙinsu gobe da safe, kada a jira mu." Ma'aji ya sunkuyar da kai. Mu biyar muka dubi juna. A nan, a ƙasar mutane, muka gaya wa 'yan'uwanmu 25 cewa motar da ta kawo su da gadon da suke kwana a kai, akwai kuɗin marayun nan a ciki.

Ba za mu maimaita duk abin da aka faɗa a daren nan ba. An faɗi maganganu masu zafi, kuma babu wadda ba mu cancanta ba. Malamar da ta gargaɗe mu ba ta ce uffan ba. Kafin a watse, matafiya duka 30 suka amince kowa zai biya naira 20,000, a naira 5,000 duk wata har wata huɗu, ko da yake 25 daga cikinsu ba a shawarce su ba lokacin da aka ci bashin. Kwana huɗu muka yi a hanyar dawowa, motar da ta tafi da waƙa da barkwanci ta dawo shiru.

Da muka iso muka wuce gidan marigayi da naira 80,000 da suka rage. Matarsa ta karɓa ta yi godiya, ba ta tambayi saura ba. Albashin Agusta ya tarar da kowannenmu da bashin mai shago. Aka koma makaranta a Satumba, yaran nan suna bukatar kayan makaranta da littattafai. Aka yi addu'ar arba'in ba mu cika ba. Sai a makon farko na Oktoba, bayan an biya albashin Satumba, muka kai cikon naira 120,000. Abin da doka ta ce kwana bakwai, mun mai da shi mako bakwai.

Ga inda lissafi ya tsaya yau. Mutum 24 sun gama biya. Mutum shida saura musu zubin ƙarshe. An mayar da naira 570,000, saura 30,000, waɗanda za su shiga da albashin wannan wata in Allah ya yarda.

Abin da muke roƙo

Mun ji masu cewa tafiyar tun asali almubazzaranci ce, malamin da bai gama biyan kuɗin haya ba me ya kai shi kallon teku. Muna girmama wannan ra'ayi, kuma masu shi sun fi mu hujja a yau. Amma muna roƙon a raba abu biyu. Naira 130,000 da kowa ya tara guminsa ne, ya hana kansa nama da sabon ɗinki shekara biyu. Kuma abin da ya sayo bai tsaya a kansa ba. A zangon nan da muka gama, matafiya sun shiga makarantu goma sha bakwai da hotuna da taswira da ragowar sefa da sidi. Gorar ruwan tekun nan ta zaga aji aji, ana ɗiga wa yara a yatsa. Wani yaro ɗan aji huɗu ya ɗanɗana ya ce, "Malama, wa ya zuba masa gishirin?" Darasin kimiyya na mako guda ya fito daga wannan tambaya. Laifinmu yana wajen naira 600,000 da ba namu ba, da kuma shirun da muka yi a kansu.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro ƙudurori biyar, a tattauna, a gyara, a kaɗa ƙuri'a.

Na farko, asusun jin ƙai ya zama haramun ne a ara daga cikinsa don kowace irin hidima, tafiya ce ko biki ko taro, ko da na kwana ɗaya ne. Mutuwa ba ta duba jadawalin hutu.

Na biyu, masu sa hannu a asusun jin ƙai su zama dabam da masu sa hannu a kowane asusu na ƙungiya, kuma ɗaya daga cikinsu ya kasance cikin iyayenmu da suka yi ritaya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar da muka bi ke nan.

Na uku, duk tafiyar da za a shirya nan gaba a ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kan lissafinta saboda tashin farashi da faɗuwar naira. In kuɗi ba su cika ba wata ɗaya kafin tashi, a ɗaga tafiyar, ko da za a yi hasarar kafin alƙalami. Da mun yi haka, hasararmu ba za ta kai kunyar da muka sha ba.

Na huɗu, a karanta lissafin kuɗin shiga da na fita a gaban matafiya duka kafin a hau mota, a kuma liƙa shi a ofishin reshe. Fasfo da katin rigakafi a duba su wata biyu kafin tashi, suna ya dace da suna.

Na biyar, a rage zubin wata, a tsawaita lokacin tarawa, a kuma fara da malaman makarantun ƙauye da waɗanda ba su taɓa fita ba. Marigayi yana cikin waɗanda tsarinmu na farko ya rufe wa ƙofa. Duk wanda ya je kuma, wajibi ne ya kai darasi makarantu uku ban da tasa.

In taro ya ga a dakatar da tafiye-tafiye gaba ɗaya, za mu bi. Ra'ayinmu dai shi ne a ci gaba a kan waɗannan sharuɗɗa, domin akwai malamai da yawa a ɗakin nan da har yanzu suke zana teku da shuɗin alli.

Mu huɗu da muka ɗaga hannu a daren nan mun rubuta takardar ajiye sa hannunmu a asusun ƙungiya duka, mun miƙa wa shugaban reshe da safiyar yau. Ta biyar ɗinmu ba ta cikin wannan takarda, kuma muna shaida wa taro cewa ita ce ta faɗi gaskiya lokacin da faɗinta yake da amfani.

Muna godiya ga matanmu da mazajenmu da suka riƙe gida kwana goma sha uku, da 'yan'uwanmu na Agege da Nima da zangon Kumasi da suka karɓe mu kamar sun san mu. Muna neman gafarar kowane ɗan ƙungiya da ya taɓa zuba ko da naira ɗari a asusun jin ƙai. Iyalin marigayi kuwa mun je gida mun nemi tasu gafarar, yau kuma muna maimaitawa a bainar jama'a. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa, ya raya abin da ya bari.

Littafin kuɗin tafiya da na asusun jin ƙai, da rasitai, da shafin abin da babu rasit, suna kan teburin nan na baya tare da mai binciken kuɗi na reshe. Duk mai son dubawa ya duba kafin a kaɗa ƙuri'a.